Latas Mai Gashin Baki

Wani mutum ne a Kwarin Ɗanya ana ce da shi Kallamu, amma shi ya fi son a kira shi Injiniya. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan. Wata safiya ya tashi ya raɗa wa kansa, ko rago bai yanka ba.

In dai cika baki ne, Kallamu ba shi da na biyu. Ka ce ka ga kabewa mai girman tulu, zai ce tasa ta bara sai da aka kafa tsani aka yanko ta. Ya taɓa gaya mana a teburin mai shayi cewa ya koya wa jakinsa ban ruwa, sai dai jakin ya mutu ana gobe za a zo kallo. Kullum haka ne. Abin mamakin Kallamu ko jiya ya mutu, ko gobe zai iso.

Lambunsa yana bakin wani tafki. A ɗaya gefen tafkin kuma lambun Tunau ne, taubashinsa. Uban Kallamu da uwar Tunau wa da ƙanwa ne, kun kuwa san yadda wasan yake a wurinmu: ɗan namiji ubangida, ɗan mace bawa. Kowa yakan yi a yi dariya a wuce. Kallamu shi ya mayar da abin sana'a. A kasuwa, a wurin suna, har a wurin zaman makoki, sai ka ji shi: "Bawana, miƙo min buta." Tunau, wani ɗan lukuti mai sanyin magana, sai ya yi murmushi ya ce, "An gama, ubangidana."

Tunau ne ya zuba tarwada a tafkin yana kiwo. Kullum da hantsi zai tsaya a gefensa ya buga tsohon kwano da cokali, ƙwan-ƙwan-ƙwan, sai ka ga ruwa ya hau tafasa, kifaye sun yo kansa sun zo cin abinci. Sun san ƙarar kwanon nan fiye da yadda 'yan makaranta suka san ƙararrawar tashi.

To, akwai wata shari'a da ya kamata ku sani. Bara mangwaron Tunau ya riƙa faɗawa ruwa, iska tana tura shi gefen Kallamu, shi kuwa yana tsincewa yana sha har gwiwar hannu. Da Tunau ya yi magana, Kallamu ne ma ya ja shi gaban Sarkin Noma, Baba Nomau. Da bakinsa ya tsara dokar. Ya ce a kafa gwangwala a tsakiyar tafki, duk abin da ke saman ruwa in ya ƙetare ta, ya zama na wanda ya je wa.

Baba Nomau ya ce, "An ji. Amma abin da ke ƙarƙashin ruwa na Tunau ne, shi ya zuba kifinsa."

Kallamu ya tofar da yawu. "Tarwada? Ni? Baba, kifin da ke kwana a taɓo? Ko warinta na ji sai na kwana da ciwon kai. Ya riƙe kayarsa."

Kowa ya ji wannan magana. Ku ma ku riƙe ta.

Da rani ya kama, Baba Nomau ya tara 'yan lambu ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki. Zai naɗa Wakilin Lambu, wanda zai riƙa raba ruwa da taki yana sasanta rigima. Ya ce ba zai duba shekaru ba, wanda ya fi nuna dabara a noman bana shi zai ɗaura wa rawani.

Ranar ko gida Kallamu bai koma ba, kasuwa ya wuce ya sayo rawani. Ba a haifi ɗa ba an ɗinka masa riga. Yakan rufe ɗaki ya naɗa, ya zauna gaban madubi yana yi wa kansa "Ranka ya daɗe."

Washegari ya iso teburin mai shayi yana hura hanci.

"Ku manoman nan tausayi kuke ba ni," in ji shi. "Tun zamanin kakanni kuna ɗaukar ruwa kuna kai wa shuka. Ba wanda ya taɓa tunanin ya ɗauki shukar ya kai wa ruwa?"

Muka dubi juna.

"Gona zan yi a kan tafki. Ba jigo, ba inji, ba ciwon baya. Akuya ta zo ta tsaya a bakin ruwa tana kallo tana kuka."

Mai shayi ya ce, "Injiniya, a ina ka gani?"

"A ina na gani? Ni ake zuwa gani."

Gwajin farko da bahon ƙarfe ya yi. Ya cika shi da laka, ya dasa tumatir, ya yi bisimilla ya tura. Baho ya yi tafiya kamar taku biyu, ya ɗan yi tunani, sai buluk, ya tafi gaida tarwada. Kallamu ya ce dama zurfin ruwan yake aunawa. Gwaji na biyu ya jawo tsohuwar katifa ya jera albasa a kai. Katifa ta sha ruwa ta ƙoshi, ta kife da albasar a ƙasa. Ya ce wannan sabon salo ne, albasa mai kallon ƙasa, amma mutanenmu ba su waye da shi ba tukuna.

Sai idonsa ya faɗa kan ƙoran matarsa Gwamma. Ƙorai ne na jere tun na aurenta, masu zane, tana ji da su kamar ƙwai, har da wani babban masaki da ta gada wurin kakarta. Ya ce mata ya hango tsaga a jikinsu, zai kai wa gyartai.

Gwamma ta ce, "Malam, dukansu suka tsage rana ɗaya?"

"Idon injiniya daban ne da naki."

Ya kwashe su tsaf sai lambu. A nan kam, gaskiya ɗaya ce, mutumin ya yi aiki. Ya huda gindin kowace ƙwarya, ya zura tsumma kamar lagwanin fitila don ya riƙa jawo ruwa sama. Ya tsinto gorunan lemo na roba, ya toshe bakinsu, ya ɗaure su kewaye da ƙwaryar da robar tsohuwar tayar keke. Ya shimfiɗa buhu a ciki, ya gauraya ƙasa da taki da ƙaiƙayi don kada ta yi nauyi. Ya dasa latas da alayyahu da attaruhu. A masakin kaka kuwa ya dasa tumatir. Ya tura su ruwa, suka tsaya cas, suna ɗan rausaya. Ya ɗaura wa kowace siririn zare ya maƙale a ciyawar bakin tafki.

Abin haushi, shuka ta kama. Latas ya yi kore shar, ya buɗe kamar faifai. Mu da muka shirya dariya muka haɗiye abarmu. Karon farko a rayuwarsa Kallamu ya faɗi abu, abin bai mutu jiya ba, bai ce sai gobe ba. Da ya tsaya nan, wallahi da yanzu da rawani yake yawo. Ni abin da ke ƙona min rai ke nan.

Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Yana zaune bakin ruwa yana kallon gonarsa, sai ya lura tarwada na son inuwar ƙoran. Manya-manya, baƙaƙe, suna sheƙi, suna kaɗa gashin baki a ƙarƙashi. Yawu ya tsinke masa. Ashe duk ciwon kan nan ƙarya ce, mutumin ko a mafarki farfesun tarwada yake sha.

Ya sayo ƙugiyoyi. A gindin kowace ƙwarya, kusa da tsumman nan, ya ɗaura igiya da ƙugiya, ya soka hanjin kaza. Sama gona, ƙasa fatsa. Da sassafe kafin kowa ya fito sai ya jawo ƙoran ɗaya bayan ɗaya, wai yana duba saiwa, ya cika buhu ya bi ta bayan gari.

Gwamma ta ce, "Malam, kai da ba ka cin tarwada?"

"Wannan ba irin ta Tunau ba ce. Wani da na koya wa kamun kifi ne a Yawuri yake aiko min. Ki ƙara citta."

"Gyartai fa?"

"Ya tafi gaisuwar mutuwa."

Kumatun Kallamu suka fara sheƙi. Tunau kuwa ya ga kifinsa na raguwa, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Ubangidana, ko ka ga zalɓe na sauka a tafkin nan?"

Kallamu ya girgiza kai cikin jimami. "Bawana, ba zalɓe ba ne. Mutanen ɓoye ne. Ka yi haƙuri, su ma da iyali."

Ranar nuna dabara ta matso. Kallamu ya bi gida-gida yana gayya, ya ce duk wanda ya zo kallon gonar ruwa zai sha farfesun kifin Yawuri har ya bari. Tun da yamma ya sayo hanjin kaza cike da roba, ya ɗana kowace ƙugiya. A ƙarƙashin masakin kaka ya sa wata ƙatuwa da za ta riƙe ɗan maraƙi. Shirinsa shi ne ya yi sammako ya kwashe kamun, ya cire ƙugiyoyi, Gwamma ta ɗora tukunya, sannan baƙi su iso.

Bai san mutanen Kwarin Ɗanya ba. Ka ce musu kyauta, ka ce su zo da hantsi? Ana sallame sallar asuba suka wuce lambu kai tsaye, wasu da kwanukansu a hammata. Kafin Kallamu ya iso da buhunsa, bakin tafki ya cika maƙil, Baba Nomau na zaune kan kujera a gaba, har an shimfiɗa masa buzu.

Kallamu ya yi turus. Ya cusa buhun a bayan bishiyar gwanda, ya koma gida da sauri ya zuba babbar riga mai sitaci, ya naɗe rawani a leda ya rungumo. Gwamma ta biyo shi da tukunya a ka don ta karɓi kifi. Tana isowa bakin shinge ta hango ƙoran aurenta suna yawo a kan ruwa da latas a ciki. Ta sauke tukunyar a hankali, ta zauna a kai.

Kallamu ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, jama'a, yau gani ya kori ji."

Yana cikin bayanin tsumma da goruna, sai wata ƙwaryar latas ta yi zillo. Ta nutsa kaɗan, ta taso, ta juya kamar mai neman alƙibla. Ta kusa da ita ma ta ɗauka. Kan ka ce kwabo duk gonar ta kama rawa, zaren da ya maƙale a ciyawa yana tsinkewa tas, tas, tas.

Baba Nomau ya gyara tabarau. "Kallamu, gonar taka motsi take yi, ko idona ne?"

Gumi ya karyo wa Kallamu, amma bakin nan ba ya mutuwa. "Ranka ya daɗe, ai nan ne fasahar take. Ban so in faɗa ba saboda 'yan baƙin ciki. Gonar da kanta take neman rana. In ta ƙoshi ta koma inuwa."

Jama'a suka ɗauki salati. Wani tsoho ya cire hula ya mayar.

Da ya ga an yarda, sai ya ƙara wuta. "Har magana tana ji. Kai attaruhu, matso nan ka gaida Sarki."

Allah da ikonsa, ƙwaryar attaruhu ta taho gadan-gadan har gaban Baba Nomau, ta yi ɗan ruku'u, ta koma. Wuri ya kaure da sowa. Baba Nomau ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ɗana, ban taɓa ganin irin wannan ba. A nemo rawani."

"Kada a wahalar da kowa, ranka ya daɗe," in ji Kallamu, ya zaro leda. "Na zo da shi."

Ya warware rawani, ya damƙa wa Baba Nomau, ya durƙusa, ya miƙa kai. Daidai lokacin hantsi ya yi. Can ƙetare Tunau, da bai san wainar da ake toyawa ba, ya fito da tsohon kwanonsa kamar kullum.

Ƙwan-ƙwan-ƙwan.

Gona ta tsaya cik. Sai duk ƙoran suka juya gaba ɗaya, suka miƙe sak zuwa gefen Tunau. Latas a gaba, alayyahu na biye, attaruhu na ta tsalle, masakin tumatir a baya yana keta ruwa kamar jirgin fito. Ita tarwada halinsu ɗaya da Kallamu, ko da ƙugiya a baki ba ta jin kiran abinci ta ƙi zuwa.

Baba Nomau ya ce, "Ina kuma za su?"

"Motsa jiki ne, ranka ya daɗe. Yanzu za su dawo." Ya juya ga ruwa. "Kai latas, dawo. Alayyahu, ba da kai nake ba? Ku dawo, don Allah ku dawo."

Wani daga baya ya ce, "Injiniya, ko da Turanci za ka gwada?"

Latas ya wuce gwangwala. Alayyahu ya wuce. Kallamu ya tuna dokar da ya tsara da bakinsa. Saura masaki kaɗai, shi ma ya kama hanya. Ya fizge rawanin daga hannun Baba Nomau, ya ƙulla dutse a baki ɗaya, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa, ya wurga. Rawani ya sarƙe a gorunan masaki. Kallamu ya turje ya ja.

Abin da ke ƙasa ma ya ja.

Tsundum! Babbar riga ta sha iska ta kumbura, sitaci ya hana ta jiƙewa da wuri, sai ga Injiniya kwance rub da ciki a saman ruwa kamar an kifa laima, hula a ka, takalmi ɗaya a ƙafa, rawani na jan sa. Yana ihu yana shan ruwa yana bayani.

"Kada kowa ya damu, glub, gwaji ne, glub, da ma akwai shi a tsari."

Haka ya wuce gwangwala a gaban idon kowa. Har ya kai mata cafka, ta tuge ta biyo shi.

Jama'a suka zagaya da gudu, aka ɗauko Baba Nomau da kujerarsa. Suka tarar da Tunau tsaye, cokali a hannu, baki buɗe, gona guda ta yi layi a gabansa tana jiran abinci, ubangidansa kuma ya maƙale a taɓo yana tofar da gansakuka.

Tunau ya sunkuya ya ɗaga ƙwaryar latas don ya ga abin da ke tafiyar da ita. Sai ga tarwada na reto a ƙasa, fal-fal-fal, ƙugiya a baki. Ya ajiye. Ya ɗaga ta alayyahu. Tarwada. Ta attaruhu mai gaida Sarki. Tarwada. Masakin kuwa sai da ƙarti biyu suka taya shi, suka fito da uwar garken gaba ɗaya, mai kai kamar turmi, wadda Tunau ya fi ji da ita.

Tunau ya daɗe yana duban kifin, ya dubi kumatun Kallamu, ya sake duban kifin.

"Ubangidana," in ji shi a hankali, "ni jahili ne, a ƙara min ilimi. Wane irin latas ne wannan, saiwarsa har da gashin baki?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kallamu ya ɗago daga taɓo ya ce, "Injin ke nan. Kowace gona da injinta. Aron su na yi."

Daga bakin shinge Gwamma ta ce, "To, Malam, injin nawa muka cinye da citta?"

Dariya ta ɓarke har wasu suka zube a kan albasar Tunau. Baba Nomau ya bari aka lafa, ya share hawaye da bakin riga, ya buga sanda.

"Doka dai ba ni na yi ta ba, mai ita ga shi nan kwance. Abin da ke ƙarƙashin ruwa na Tunau ne. Abin da ya ƙetare gwangwala ta saman ruwa, shi ma na Tunau ne. Latas ta sama ya zo?"

Jama'a suka ce, "Ta sama."

"Ƙorai?"

"Ta sama."

"Rawani?"

"Ta sama."

Baba Nomau ya nuna Kallamu da sanda. "Wannan fa?"

"Ta sama, ranka ya daɗe. Mun gani da idonmu."

"To, Tunau, Allah ya ba ka. Kwashe kayanka."

Tunau ya matse rawanin ya rataya a kafaɗa. Ya tsuguna gaban Kallamu, ya cire masa wata 'yar ciyawa daga kunne, ya ce, "Bawana, in ka huta, miƙo min buta." Sannan ya juya wajen Gwamma, don mutum ne mai kunya. "Matarmu, ba zan raba ki da abin zamanki ba. Cikin abin da ruwa ya kawo min, zaɓi naki ki tafi da shi."

Kallamu ya ɗaga hannu daga taɓo yana jiran ta kama.

Gwamma ta tsallake hannun, ta zazzage tumatir daga masakin kakarta, ta jera ƙoranta a ciki, ta ɗora a ka.

"Na ɗauki nawa," in ji ta. "Wancan ka riƙe. Amma ka ƙirga kifinka kullum."